Tsofaffin fadojin gaɓar Sikotilan: daga ina zan fara?

Tambaya: Malam, ina karatu a Gilasgo kuma na samu hutun kwana uku. Ina so in ga tsofaffin fadojin dutse na zuri'o'in yammacin Sikotilan. Kowa hoton Eilean Donan yake nuna mini. Can zan nufa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Eilean Donan ta yi kyau, amma ginin da ke cikin hoton ba tsoho ba ne. Jiragen yaƙin Birtaniya sun rusa fadar a 1719, ta zama kufai kusan shekara 200, sai tsakanin 1912 da 1932 aka sake gina ta. Da ni ne, Oban zan tafi, tafiyar kamar awa uku a jirgin ƙasa daga Gilasgo.

Ga dalili. Saboda teku aka gina waɗannan fadoji. A wancan zamani duwatsu sun tare tafiyar ƙasa, ruwa shi ne hanya, kuma da yawan jiragen ruwansa, waɗanda suke kira birlinn, ake gane ƙarfin shugaban zuri'a. Wanda ya tsare mashigar ruwa, shi ke da ta cewa a yankin. In ka je musu ta mota kawai, sai ka rasa abin da ya sa aka kafa su a kan irin waɗannan tsibirai da duwatsu.

Fara da Dunstaffnage, kusa da Oban. Zuri'ar MacDougall ce ta gina ta a ƙarni na 13 a bisa wani curin dutse. Sarki Robert Bruce ya ƙwace ta daga hannunsu, daga baya ta koma ga zuri'ar Campbell. A nan aka tsare Flora MacDonald a 1746, don ta taimaki Yarima Charles Stuart, mai neman gadon sarautar Birtaniya a lokacin, ya tsere. Hau katangar ka dubi ruwa ta kowane ɓangare.

Washegari shiga jirgin fito daga Oban zuwa Craignure a tsibirin Mull, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Don Allah kada ka zauna a ciki, fito sarari. Za ka hango fadar Duart tsaye a bakin ruwa, kamar yadda abokan gaba suka riƙa hango ta. Wannan ce na fi so. Gidan zuri'ar Maclean ne, ya kuɓuce musu a 1691, sai a 1911 Fitzroy Maclean, yana dattijo ɗan shekara 70 da ɗoriya, ya sayi kufan kakanninsa ya tayar da shi. Har yau fadar shugaban zuri'ar ce.

Je tsakanin Afrilu da Oktoba, domin irin su Duart rufewa suke yi da hunturu. Duba jadawalin jirgin tun da safe, iska kan hana shi tashi. Ɗauki rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa, matattakalan ƙunci gare su, ga santsi. Batun abinci kuwa kada ya dame ka, Oban garin masunta ne, kifi sai wanda ka zaɓa.