Amsa ga ƙanenmu mai raka Baba Alƙahira

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na ga tambayarka tun bayan Azahar, cewa za ka raka shi Alƙahira aikin ido, likita ya ce akwai kwanaki tsakanin gwaji da ranar aiki, kuma kana neman wuraren da za ka kai shi ban da dalar Fir'auna da kasuwar Khan Khalili da kowa ke ambato, don wani mai jagora ya yanka maka kuɗin da ya fi ƙarfinka. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru, don abin da ya same ni da marigayi mahaifina ke nan.

Abu na farko, kwanakin nan na kafin aiki su ne dukiyarku. Bayan an taɓa idon za a hana shi rana da ƙura da sunkuyo, Alƙahira kuwa ƙura da hayaƙin mota ba su ƙarewa. Duk inda kake son ya gani, ya gan shi kafin ranar. Kada ka damƙa kwanakin nan a hannun mutumin da ke cin lada a shagunan turare.

Namu mai jagoran ɗan ƙasarmu ne, Hausarmu yake yi, shi ya tarbe mu a filin jirgi yana "Baba sannu da hanya, Baba kawo jakar". Wani abokin kasuwanci a nan Maraɗi ya haɗa mu da shi. Tsohona malamin zaure ne, ya ƙare rayuwarsa yana karantar da fiƙihun Malikiyya, kuma tun muna cikin jirgi abu ɗaya yake maimaitawa, a kai shi maƙabartar Ƙarafa ya yi sallama ga Imam Shafi'i da Suyuɗi da almajiran Imam Malik da ke kwance can. Bai nemi dala ba, bai nemi kogi ba. Muka faɗa wa mutumin nan tun daren farko. Ya ce in sha Allahu gobe. Gari ya waye ya kai mu Giza, ya ɗora dattijo mai ciwon ido a keken doki cikin rana tsaka, daga nan shagon turare, aka zaunar da mu ana ta kawo shayi ana shafa mana a hannu, ba a bar mu mun fita ba sai da na saya. Kashegari shagon takardun zane na Fir'auna. Da Baba ya sake tambaya, sai ya ce ai Ƙarafa unguwar ɓarayi ce, ba a kai baƙo, hukuma ma ta hana. Ƙarya ce tsagwaronta. Yana faɗa yana duban idon tsoho mai furfura, ko ɗar bai ji ba. Da na matsa mashi ya ɗaga murya a gaban masu otel, ya ce shi ba bawanmu ba ne, in muna son ziyara mu ƙara jika ɗari. Fasfo ɗinmu da takardun likita suna jakarsa a lokacin, wai don kada mu yar. Baba ya kama hannuna ya ce in bar shi, Allah bai nufa ba. Da dare ina jin shi yana juyi bai yi barci ba, yana karanta sunayen malaman nan ɗaya bayan ɗaya a hankali yana yi masu addu'a daga kan gado, alhali tsakaninsa da su tafiyar mota ce ƴar kaɗan. Ranar da aka yi aiki mutumin ya karɓi cikon kuɗinsa ya kashe waya. Har yau in na ji ƙamshin irin turaren nan zuciyata tashi take. Mutane sun ce in yafe, Baba ma ya yafe kafin ya rasu, ni dai har yanzu ban iya ba. Kuma yana nan yana tarbar mutanenmu, shi ya sa nake roƙonka, takardunku kada su kwana a jakar kowa.

Wanda ya share mani hawaye wani yaro ne ɗalibin Azhar, ɗan wajen Tasawa, da muka gamu a masallaci. Shi ya zaga da ni lokacin da Baba ke kwance da bandeji, ina dawowa da yamma ina ba shi labari. To nemi irinsu. Ɗalibanmu suna da yawa, wasu a masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, wasu a Madinat Nasr. Sun san Larabcin titi, sun san kuɗin mota, kuma abin da za ka ba su karatu zai tafi.

Fara da Ƙarafa. Kafin wani a zauren nan ya taso mani, ban ce a je a roƙi mamaci ba, sallama ce da addu'a da tuna lahira. Maƙabarta ce mai faɗin gaske a gindin dutsen Muƙaɗɗam, da tituna da gidaje, talakawa suna zaune cikinta da iyalansu, yara na wasa, mata na shanya. Imam Shafi'i ya rasu a shekarar 820, ƙubbar da ke kansa kuwa Sarki Kamil na gidan Salahuddin ya gina ta a 1211. Ta katako ce, kuma in ka ɗaga kai daga waje za ka ga ɗan jirgin ruwa na ƙarfe a ƙololuwarta, an ce hatsi ake zuba wa tsuntsaye a ciki. An gyara wurin ba da daɗewa ba, mota tana kaiwa har ƙofa, Baba ba zai wahala ba. Kusa da nan akwai Imam Laisu ɗan Sa'ad. Ka ce wa ɗalibin ya tambaya maku kushewar malaman Malikiyya, inda Ibnul Ƙasim da Ashhabu suke, mutanen da duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar nan ya ji sunansu. Ba ado a wurin, ba layin ƴan yawon buɗe ido, mai gadi ne zai buɗe maku ku ba shi na shayi.

Suyuɗi yana can wajen dandalin Sayyida A'isha. Wannan ya shafe mu kai tsaye mu Katsinawa, don ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, ciki har da Ibrahim sarkin Katsina da sarkin Agadas na zamaninsa, yana yi masu gargaɗi kan adalci. Suyuɗi ya rasu a 1505. Ka duba, sama da shekara 500 ke nan malamin Masar ya san da mu, takarda tana ƙetare Sahara a bayan raƙumi, amma yau ɗanmu ya je garin a ce mashi ba abin gani sai kabarin Fir'auna. A cikin Azhar ma an yi ruwaƙin Barnawa, sashen da ɗaliban Borno da maƙwabtansu suka riƙa sauka a da can. Ku yi salla a can, ku ɓulla ta baya inda shagunan littattafai suke. In Baba mai karatu ne zai manta da ciwonsa a lungun nan. Ka yi hanzari da Ƙarafa dai, tun 2020 ake rushe wasu sassanta ana fitar da manyan hanyoyi da gadoji, ana kwashe kaburbura. Abin yana ci mani rai ƙwarai.

Wurin da zan so ka kai shi ya huta shi ne masallacin Ibn Ɗulun. An gama shi a 879, da jan bulo, fili ne fetal da rumfuna kewaye, kuma sau da yawa za ka tarar ba kowa sai masu gadi da tattabaru. A garin da ƙarar oda ba ta yankewa dare da rana, nan ne na ji kunnena ya huta. Hasumiyarsa matakalarta ta waje take, tana naɗe da ita. Kai ka hau, shi ya zauna a inuwa da carbinsa. Ciro takardar fam biyar ka nuna mashi, hoton masallacin ne a jiki. Manne da katangarsa akwai tsofaffin gidaje biyu da aka haɗe aka mai da su gidan tarihi, ana ce mashi Gayer-Anderson, da tagogin katako masu ƙananan huji da mata ke leƙen zaure ta ciki ba a ganinsu. Matakalansa ƙunci gare su, in gwiwar Baba ba ta da ƙarfi ku bar shi.

Maganar abinci kar in manta. Mu mun sha wahala, tsoho ya saba da fura da tuwo, aka dinga kawo mashi burodi da wani abu mai tsami. Tafi da garin kunu da kilishi da yajinka. A can ful da safe, wake ne dafaffe da mai, yana riƙe ciki. Koshari shinkafa ce da taliya da wani ɗan wake da soyayyar albasa, da araha, ka ce kada su zuba yaji da yawa. Ruwan rake a ko'ina ana matsewa a gabanka, amma in Baba na da sukari ka hana shi, za su auna kafin aiki.

Akwai wani wuri a ƙarshen tsibirin Rauda da ko direbobin tasi wasu sai an yi masu kwatance, ma'aunin kogin Nilu. Rijiya ce ta dutse da aka gina a 861, da ginshiƙin marmara a tsakiya an yi mashi zane-zanen kamu, da matakala tana sauka har ƙasa. Ruwan kogi yana shigowa ta ƙofofi a jikin bango. In ya kai kamu 16 an san shekara ta yi kyau, in ya gaza a shirya wa yunwa, in ya wuce da yawa ambaliya ce, kuma da wannan ake yanke harajin manoma. Yanzu a bushe take, tun da aka gama madatsar Aswan a 1970 kogin ya daina cika yana malala. Da na tsaya a bakinta Gulbinmu na tuna, yadda dattawa ke cewa ruwansa ya canza tun da aka datse shi a Jibiya. Duk manomi zai gane wurin nan ba sai an yi mashi dogon bayani ba. A tsibirin nan ne ma Suyuɗi ya keɓe kansa a ƙarshen rayuwarsa.

Ƙofar Zuwaila, ta 1092, ita ma kai kaɗai za ka hau, don hawan hasumiyoyin da ke kanta akwai duhu da ƙunci, amma daga sama za ka ga tsohon gari gaba ɗaya. A ƙofar nan Turkawa suka rataye Tuman Bay, sarkin ƙarshe na daular Mamluk da ta mulki Masar, a 1517. Ƙetare titi kaɗan sai ka shiga rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti, Khayamiyya, maza zaune sun tanƙwashe ƙafa suna ɗora ƙyalle kan ƙyalle da allura. In za ka yi wa Inna tsaraba, nan ya fi Khan Khalili, hannu da hannu da mai ɗinkin, ba ɗan kamasho a tsakani. Taya rabin abin da aka faɗa, kuma kada ka ji kunyar tafiya.

Ku riƙa fita da sassafe ku dawo kafin Azahar. Metro, jirgin ƙasan cikin gari, yana da araha, yana kai ku tashar Mar Girgis, daga nan ƴar tafiya ce zuwa masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar, a wajen 642. Amma lokacin tashi daga aiki turereniya ake, kar ka shigar da dattijo, kuma ku lura akwai taragon mata zalla. Uber ya fi maka kwanciyar hankali, kuɗin yana fitowa a waya tun kafin ku shiga. Wuraren tarihi da yawa yanzu da katin banki ake sayen tikiti, ka tanadi naka ko na ɗalibin. Ƙetare titi ma ka riƙe hannun Baba gam, motocinsu ba su tsayawa.

Ni abin da ke ba ni haushi, mu ma nan haka muke. Mutum nawa a zauren nan suka taɓa ɗaukar iyayensu zuwa tafkin Madarunfa, ga shi nan kusa, da kushewun bayin Allah kewaye da shi? Sai mu jira har tsoho ya kasa tashi sannan mu ce da mun sani. Tambayi Baba yau, kafin ku hau jirgi, me shi yake son gani. Rubuta a takarda. Wataƙila abin da zai faɗa ba ya cikin duk abin da na lissafa.

In shi mai son dabbobi ne, akwai kasuwar raƙuma ta Birƙash a bayan gari, arewa maso yamma, tana cika ranar Juma'a. Raƙuman daga Sudan ake kawo yawancinsu, kuma sai an yi sammako bayan Asuba, don kafin hantsi ya ɗaga ciniki ya fara watsewa. Sai dai ƙura ce sosai, kuma dukan da suke yi wa dabbobin ba zai yi maka daɗin gani ba. Ka tambayi likita tukun, in ya ce a'a, kai ka je da ɗalibin ka ɗauko mashi hoto. Ku yi maganar ladan yaron tun farko, ka ba shi kullum da yamma a hannunsa, ka kuma ciyar da shi tare da ku. In kun sa ranar tashi ka taɓa ni ta gefe, zan tambaya maka ko wanda ya taimake ni yana can har yanzu ko ya gama ya dawo gida. Ka gaishe mani da Baba, Allah ya sa a yi aiki a sa'a.