Hukuncin karatun haɗa katun da manhajojin zane a jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne daga Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Na gama difloma a fannin kwamfuta, yanzu kuma na samu gurbin digiri a wata jami'a ta Malesiya, inda ake koyar da haɗa katun da rubuta manhajojin zane. Baffana, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya ce atafau, ba zai sa kwabonsa a abin da zai kai ni wuta ba, tunda masu yin sura, wato siffar mai rai, su ne mafi tsananin azaba ranar alƙiyama. Malam, in tafi ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, kada ka ga baiken baffanka. Hadisin da ya kawo maka ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abdullahi ɗan Mas'ud. Akwai ma wanda ya fi shi kama da halinka. Wani mutum ya zo wa Ibnu Abbas ya ce da zanen nan yake ci da iyalinsa. Ibnu Abbas ya gaya masa ya ji Manzon Allah (SAW) yana cewa duk wanda ya yi sura za a azabta shi har sai ya busa mata rai, kuma ba zai taɓa iyawa ba. Fuskar mutumin ta canza don tsoro. Sai Ibnu Abbas ya ce masa, in dai ba makawa sai ka yi, ga itatuwa nan da duk abin da ba shi da rai. Ka lura, bai raba shi da sana'arsa ba, hanya ya nuna masa a cikinta.

Malaman usulu sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san kamanninsa. Saboda haka ban amsa maka ba sai da na sa wani almajirina mai wannan aiki ya zo da kwamfutarsa zaure bayan la'asar. Ya buɗe wata manhaja ana ce mata Blender, sai ga hasumiyar Gobarau, shi ya gina ta da kansa, yana juya ta gaba da baya. Ya danna wani wuri, jar ƙasar ginin ta ɓace, sai wata raga ta ƙananan siffofi masu kusurwa uku, dubbai, kowace kusurwa da lambobinta. Ya ce, “Malam, iyakar abin da ke ciki ke nan, lissafi ne.” Motsin ma ba motsi ba ne: hotuna 24 ake jerawa a daƙiƙa ɗaya, wato 1,440 a minti guda, ido ya ruɗu ya ga kamar tafiya ake yi.

Daga nan na gane kwas ɗin naka gida biyu ne. Rubuta manhajojin zane, da yarukan kwamfuta irin su C++ da Python, da lissafin yadda haske ke sauka a kan abu, wannan ba shi da wata matsala. Da shi mai zanen gini ke nuna wa mutum gidansa tun ba a haƙa harsashi ba, da shi likita ke ganin cikin ƙoƙon kai bayan an ɗauki hoto, da shi ake koya wa matuƙin jirgin sama aiki yana zaune a ƙasa. Halal ne, mu wuce.

Inda magana take shi ne ƙirƙiro mutum ko dabba a motsa su. A nan malamai sun yi saɓani tun da daɗewa. Imamun Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya tafi a kan cewa zanen mai rai haramun ne, ko yana da inuwa ko ba shi da ita, kuma malamai da dama a yau suna kan wannan. Ba ra'ayi ne da za a raina ba. Sai dai mazhabar Malik, wadda aka tashe mu a kanta a zaurukan garin nan, ta rarrabe. Duk wanda ya sauke Risala zai tuna inda Ibnu Abi Zaid ya ce an karhanta siffofi a jikin gadaje da bango da zobe, ya ce zanen da ke jikin tufa ba ya cikin wannan, amma barinsa ya fi. Shehu Dardir ya ƙara warwarewa: haramcin yana kan surar mai rai ce wadda take da jiki har tana yin inuwa, gaɓoɓinta kuma suka cika. Wadda take shafe a takarda ko bango, iyakarta karhanci. Hujjarsu hadisin Abu Ɗalha ne da ya togace zanen da ke jikin tufa, da labulen Nana A'isha mai hotuna, wanda aka yanka aka mayar matasan kai.

To, ga inda mutane ke rikicewa. Suna jin an ce katun na 3D, wato wanda ake gani a allo kamar yana da jiki, sai su ɗauka gunki ne. Ni ma na so in tabbatar. Na kunna tocilan wayata na haska allon kwamfutar ta gefe, daidai lokacin da yaron ya fito da wani doki da yake haɗawa. Inuwar kwamfutar ce kawai ta faɗi a kan tabarma, dokin bai yi ko ɗigo ba. Inuwar da ake gani ƙarƙashin kofatonsa ita ma zana ta aka yi. Ya kashe na'urar, babu doki babu dalilinsa. Abin da ba a iya dafa shi, ba ya kuma zama sai da wuta, bai kai ma zanen bango tabbata ba, balle a haɗa shi da sassaƙaƙƙen gunki.

Sannan shari'a ta yi sassauci inda ake tarbiyyar yara. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga 'yartsanar Nana A'isha, cikinsu har da doki mai fukafukai biyu. Ya tambaye ta, ta ce, ba ka ji Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce sukan yi wa yara abin wasa da ulu su lallashe su da shi ranar azumin Ashura. Waɗannan fa masu jiki ne, masu inuwa. Abin da aka fi tsoro a sura shi ne ƙofar da ta buɗe wa mutanen Annabi Nuhu, da suka siffanta salihan bayi irin su Wadda da Suwa'a don tunawa, jikoki suka wayi gari suna bauta musu, sai kuma mai zane ya ji a ransa yana gasa da Mahalicci. Katun ɗin da ke koya wa yaro alwala ko wanke hannu ya yi nisa da wannan. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, jikokina suna nan kullum da wayoyin iyayensu mata, suna kallon abin da wasu suka haɗa da harshensu da al'adarsu. Labarin rijiyar Kusugu ma sai dai su ji a baki.

Don haka abin da na rinjayar shi ne karatun ya halatta, cin abinci da shi ma ya halatta. Haramcin zai shigo ne ta abin da ka zaɓi zanawa. Kada ka siffanta Annabawa, ko mala'iku, ko sahabbai. Kada ka zana tsiraici. Wasu makarantun zane sukan tsayar da mutum tsirara ɗalibai su kwaikwayi jikinsa, to ka nemi jadawalin darussan tun kana gida, in akwai wannan ka nemi a musanya maka. In ka fara aiki, ba kai ba manhajar caca, ba kai ba ƙera allolin wasu a wasannin kwamfuta. Akwai kuma wata na'ura da ke fito da abin da aka zana ya zama jiki a riƙe shi a hannu. Ranar da ka fitar da cikakken mutum ko dabba ta wannan hanya don ado, inuwa ta samu, ka faɗa inda Malikawa da sauran malamai suka haɗu a kan haramci. Gaɓa ɗaya don koyar da likitoci, ko abin wasan yara, ba sa ciki.

In kuma zuciyarka ta fi natsuwa da ra'ayin Nawawi, ba sai ka ajiye gurbin ba. Ka ƙware a gine-gine da haske da motoci da rubuta manhaja, abin da Ibnu Abbas ya nuna wa mutumin can ke nan.

Saura baffanka. Wannan karatu ba farilla ba ne a kanka, saboda haka kada ka hau jirgi yana fushi da kai. Ka samu dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ku je tare bayan isha'i, da jadawalin darussan da kwamfutarka. Ka fara nuna masa gini kafin ka nuna masa doki, ka kuma bar shi ya haska tocila da hannunsa. In ya ce yana son ji daga bakina, ina zaure kullum bayan la'asar.

Wallahu a'alamu.