Da gaske akwai ƙauye a Jamus mai ciyaman biyu?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan Illela ne, iyaka a bakin ƙofarmu take, rabin dangina suna Birnin Konni. Wani ya ce min wai a Jamus akwai ƙauyen da aka taɓa gina katanga a tsakiyarsa, kuma har yau ciyaman biyu ke mulkinsa. Gaskiya ne ko labarin shayi ne?

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, sunan ƙauyen Mödlareuth, kuma na ji daɗin wannan tambaya don mutumin Illela zai fahimci labarin nan fiye da yawancin Turawan da ke zuwa ɗaukar hoto a wurin.

Ƙauye ne ƙarami sosai, mutanensa ba su wuce hamsin ba, yana kusa da birnin Hof, kusan tsakiyar hanya tsakanin Berlin da Munich. Gonaki ne da tuddai da ɗan daji, sai wani ɗan rafi da ake kira Tannbach ya ratsa ta tsakiya. Rafin nan fa ba wani kogi ba ne, yaro mai ƙarfin ƙafa zai iya tsallake shi, amma shi ne iyaka tun da daɗewa. A 1810 aka kafa duwatsun iyaka a bakinsa, gefe ɗaya an sassaƙa KB wato masarautar Bavariya, ɗaya gefen FR wato ƙaramar sarautar Reuss wadda daga baya ta shiga jihar Turingiya, kuma har yau idan ka duƙa za ka ga haruffan a jikin dutsen. Sama da shekara ɗari babu wanda iyakar ta dama, makaranta ɗaya yara ke zuwa, gidan cin abinci ɗaya, ranar Lahadi kowa ya nufi coci a Töpen, wani ƙauye da ke kusa, ana auratayya ana zuwa jana'izar juna, kamar dai ku da Konni.

Bayan yaƙin duniya na biyu a 1945 sai Turingiya ta faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, Bavariya kuma hannun Amurka, a 1949 aka samu ƙasashe biyu, Jamus ta Gabas da ta Yamma, to ka ga ɗan rafin nan ya zama iyakar duniya biyu. A 1952 gwamnatin Gabas ta fara da shingen katako kuma ta kwashe wasu iyalai da ƙarfi ta kai su can cikin ƙasa don wai ba a yarda da su ba, sannan a 1966 aka gina katangar siminti mai tsawon mita 700, tsayinta ya ɗan haura mita 3, da hasumiyar masu gadi da fitilu da ke ci duk dare. Sojojin Amurka suka raɗa wa wurin suna Ƙaramar Berlin. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne mutumin gefen Gabas ko hannu ba a yarda ya ɗaga wa ɗan'uwansa na ƙetare ba, kana hango rufin gidansa, kana jin kukan zakaransa da asuba, amma gaisuwa ta zama laifi. Ku da kuka ga rufe boda a 2023 kun ɗanɗana kaɗan, su kuwa kusan shekara arba'in suka yi a haka.

Katangar Berlin ta faɗi 9 ga Nuwamba 1989, amma Mödlareuth sai da suka ƙara jiran wata guda, ranar 9 ga Disamba aka huda musu ƙofar masu tafiya a ƙasa, a watan Yuni 1990 aka rushe mafi yawan katangar ƙauyen, aka bar wani yanki da hasumiyar a matsayin gidan tarihi.

To batun ciyaman biyu. A Jamus ƙauye ƙarami irin wannan ba ya da tasa ƙaramar hukuma, yana ƙarƙashin abin da suke kira Gemeinde, mai zaɓaɓɓen shugaba da ake ce wa Bürgermeister da majalisar kansiloli. Da ƙasa ta haɗe a 1990 ba a taɓa iyakar jihohi a nan ba, don haka gefen Bavariya yana ƙarƙashin Töpen a gundumar Hof, gefen Turingiya kuma yana ƙarƙashin garin Gefell a gundumar Saale-Orla. Kada ka ɗauka sarauta ce irin ta dagaci da ake gada, zaɓe ne, kuma aikinsu na yau da kullum ne, ruwan famfo, titunan cikin gari, 'yan kwana-kwana, filin gini, makarantar renon yara. Gunduma ita ke da rajistar motoci, shi ya sa motar wannan maƙwabci lambarta ta fara da HO, ta wancan kuma SOK. Lambar gidan waya daban, lambar tarho ta yanki daban, kowa da gwamnatin jihar da yake zaɓa.

Har ranakun hutu ba ɗaya ba ne, don ilimi da hutun jama'a harkar jiha ce a can. 31 ga Oktoba gefen Turingiya na hutun tunawa da gyaran addini na Martin Luther, washegari 1 ga Nuwamba kuma Bavariya ce ke hutu, yara ma hutun makarantarsu ba ya zuwa tare. Amma yanzu babu mai tambayarka takarda, ka taka ƙaramar gadar da ke kan Tannbach ka shiga wata jiha ka gaida maƙwabcinka ka dawo kafin shayinka ya huce.