Tabarau mai hangen nesa zai isa a fara kallon taurari?

Ka tambaya ko tabarau mai hangen nesa zai ishe ka fara kallon taurari. Ƙwarai kuwa, malam. Nemi mai lamba 7x50 ko 10x50: lambar farko sau nawa yake ƙara girman abu, ta biyu faɗin gilashin gabansa a milimita. Wanda ya fi haka ƙara girma rawa yake a hannu.

Fara da wata, amma ba daren sha huɗu ba. Idan yana rabi ramukansa sun fi fitowa, saboda inuwa. Daga nan sai Kaza da 'Ya'yanta: inda ido ke ganin shida ko bakwai, za ka gan su birjik. In ka jingina gwiwar hannu a bango, kana iya hango watannin duniyar Jupita huɗu da masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Nisanci fitilu, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Rana kuwa, kul ka kalle ta da shi, tana makantarwa.