Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan gasar fiziks ga 'yarta 'yar SS1

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita. Kin ce 'yarki tana SS1 a wata makaranta a nan Jos, fiziks ya shiga ranta, kina son sanin gasannin da za ta iya shiga, da ko za su raba mata hankali da shirin WAEC da JAMB, sannan ko ya dace ki biya kuɗin wani shirin hutu da aka tallata miki. Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare a garin nan, na kuma sha raka yara gasa, to bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Gasannin nan iri biyu ne, iyaye da yawa kuma suna ɗaukarsu abu guda. Akwai na kacici-kacici, inda ake jefo tambaya yaro ya cafke cikin 'yan daƙiƙu, kamar gasar kimiyya da NNPC ta sha shiryawa a baya, da InterswitchSPAK da ake nunawa a talabijin wadda 'yan SS2 ke shiga, da waɗanda ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN ke shiryawa. Suna da amfani. Suna cire wa yaro tsoron taro, suna sa shi sauri, saurin kuma zai yi masa rana a JAMB inda tambayoyin fiziks 40 ke jiran sa ga agogo na gudu.

Ɗaya irin shi ne Olimfiyad, kuma idan da gaske yarinyar fiziks ɗin take so, ba fitowa a talabijin ba, nan zan fi karkatar da ita. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wato NMC, da ke Sheda a ƙaramar hukumar Kwali ta Abuja, ita ke shirya shi a lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji da ilimin kwamfuta. Zagaye-zagaye ake yi ana tacewa, waɗanda suka kai ƙarshe a tara su a horar da su, daga cikinsu a ɗauki masu wakiltar ƙasa. Gasar duniya ta fiziks kuwa tun 1967 aka fara ta a Warsaw ta ƙasar Folan. Kowace ƙasa ɗalibai biyar take turawa, waɗanda ba su cika shekara 20 ba kuma ba su shiga jami'a ba. Jarrabawa biyu ce, ta rubutu mai maki 30, da ta gwaji da hannu mai maki 20, kowacce awa biyar. Ki lura Hajiya, a ta rubutun tambayoyi uku ne kacal a cikin awa biyar ɗin nan. Daga nan kaɗai za ki gane irin kan da ake nema: wanda zai zauna da tambaya guda fiye da awa ɗaya, ya bi hanya ta ƙi ɓullewa, ya dawo ya sake wata, bai jefar da biro ba.

Abin da ya fi ba yaranmu wahala ke nan, kuma ba ƙwaƙwalwa ce suka rasa ba. An saba musu da cewa idan tambaya ta wuce minti uku ba a gano amsarta ba, to a tsallake ta ko a leƙa bayan littafi. Na ga yara masu ɗaukar na ɗaya a aji sun fito daga zagayen farko idanunsu sun yi ja, saboda a rayuwarsu ba su taɓa haɗuwa da takardar da rabinta ya gagare su ba. Wasu daga ranar suke cewa su da gasa har abada. Don haka ki gaya mata tun kafin ta shiga cewa samun maki kaɗan a karon farko ba abin kunya ba ne, haka jarrabawar take ga kowa. Kuma in ta dawo kada tambayarki ta farko ta zama "ta nawa kika zo?" Ki tambaye ta wace tambaya ce ta fi ba ta wuya, ki bar ta ta yi miki bayani ko da ba ki gane ba.

Batun WAEC da JAMB, ki kwantar da hankalinki. Ban taɓa ganin yaron da ya dage da tambayoyin Olimfiyad ya zo ya kasa fiziks na WAEC ba. Inda matsala take shi ne ya yi watsi da Turanci da kemistiri, wannan kam sai kin sa ido. SS1 da SS2 su ne lokacin gasa, da ta shiga zango na biyu na SS3 a ajiye komai a fuskanci jarrabawa. Idan makarantarsu na koyar da Further Maths, ta ɗauka ba tare da wani dogon tunani ba, domin galibin waɗanda ke maƙalewa a fiziks lissafinsu ne bai kai ba.

Inda na fi son ki ba ni hankalinki shi ne gwaji da hannu. Maki 20 cikin 50 ba wasa ba ne, kuma nan ne muka fi rauni. Makarantu da yawa ba sa buɗe ɗakin gwaje-gwaje sai WAEC ta ƙarato, a koya wa yara gwajin da ake tsammani, su haddace, shi ke nan. Abin yana ci mini rai, domin mafi yawan abin da yaro ke buƙatar koya ba ya neman kaya masu tsada. Ki samo mata zare da ɗan ƙaramin ƙarfe mai nauyi da tef ɗin tela. Ta ɗaure ƙarfen a zare mai tsawon mita 1, ta rataye a bakin ƙofa, ta ɗan ja shi gefe kaɗan ta saki, ta ƙirga lilo 20 zuwa da dawowa da agogon waya. Za ta samu kusan daƙiƙa 40, wato lilo ɗaya kusan daƙiƙa 2. Ta ninka tsawon zaren, a ma'aunin mita, da 39.5, ta raba da lokacin lilo ɗaya da aka ninka da kansa, sai ga ta ta auno ƙarfin jan ƙasa da hannunta, wajen 9.8, lambar da take haddacewa a aji. Ba za ta fito daidai cif ba, kuma nan ne karatun yake. Me ya sa ta samu 9.6 ko 10.1? Daga ina ta fara auna zaren, daga ƙullin ko daga tsakiyar ƙarfen? Ta rage shi zuwa santimita 80, da 60, da 40, ta rubuta komai a littafi na musamman, har da sakamakon da bai yi mata daɗi ba. Kada ta goge ko ɗaya.

Mu 'yan Jos ma Allah ya ba mu wani gwajin kyauta. Littafi ya ce ruwa na tafasa a digiri 100, amma garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iska ba ta danna ruwa kamar yadda take yi a Legas, don haka a nan wajen digiri 96 yake tafasa. Ta aro ma'aunin zafi na ɗakin gwaji daga malaminta, ba irin na asibiti ba, ta auna kina tsaye a kanta. Ranar da yarinya ta ga ma'auni ya tsaya a 96 ya ƙi motsi, tambayoyin da za ta riƙa yi sun canza ke nan.

Idan akwai waya ko kwamfuta a gida, akwai manhajoji biyu na kyauta da nake ba ɗalibaina. PhET ta Jami'ar Colorado ce a Amurka, wadda Carl Wieman, mai kyautar Nobel ta 2001, ya kafa a 2002, ana haɗa wayoyin lantarki da madubai a allo, kuma ana iya saukewa a yi aiki ba intanet. Phyphox kuma daga wata jami'a ce a Aachen ta Jamus, tana mayar da wayar kanta abin aune-aune.

Shirin hutun da aka tallata miki, kafin ki fitar da ko sisi ki je da kanki. Ki tambayi wanda zai koyar da abin da ya karanta, ki nemi ganin tambayoyin da suka ba yara a bara, ki duba ko yaran ne za su taɓa kayan gwajin ko kallo kawai za su yi. Idan tsofaffin tambayoyin WAEC ne aka sake wa suna, to lesin ne, a biya shi kuɗin lesin. Wanda kuma ya ce ki biya zai kai ta gasa ƙasar waje ba tare da ta ci wata jarrabawa ba, ki riƙe jakarki.

Ita kaɗai abin zai yi mata nauyi, ta nemi ƙawaye biyu ko uku masu irin ra'ayinta. Idan akwai kulob ɗin JETS, wato ƙungiyar ɗalibai masu son kimiyya da fasaha, a makarantarsu ta shiga, in ya mutu su roƙi malami a farfaɗo da shi. In ƙungiyar ta yi ƙarfi har gasar Beamline for Schools suna iya gwadawa, wadda CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke kusa da Janiba, ta fara a 2014: ɗaliban sakandare ne ke rubuta gwajin da suke son yi, waɗanda suka ci a gayyace su su je su yi shi da injin gaske.

Sai maganar tafiya, tunda 'ya mace ce. Na ga yara mata masu hazaƙa sun tsallake zagaye, an zo tafiya Abuja an ce ba za su je ba, saboda ba a yi maganar a gida da wuri ba. Ki zauna da Alhaji tun yanzu, ku nemi makaranta ta ware malama mace da za ta riƙa raka su. Rajistar gasannin nan yawanci ta makaranta take bi, to ki daure ki leƙa cikin makon nan ki ga malamin fiziks ɗinsu, ki tambaye shi ko suna shigar da yara Olimfiyad na NMC da kuma lokacin da ake buɗe rajista. In ya ce ba su taɓa yi ba, ku shiga ofishin shugaban makaranta tare da shi.