Amsa: Shin labarin Kambili yana koya wa yara bijire wa iyaye?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace ki bar 'yarki ta karanta Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie, don kin ji ance yana zuga yara su yi wa iyaye da addini tawaye. Ni dai ina ganin ki bar ta, amma ki fara karantawa ke ma.

Littafin ya fito a 2003. Kambili, jarumar labarin, 'yar shekara 15 ce a Enugu. Mahaifinta Eugene attajiri ne, ɗan Katolika mai tsananin riƙo, mai kyauta a waje, amma a gida har jadawalin yini yake rubuta wa 'ya'yansa. Ya zuba mata tafasasshen ruwa a ƙafa saboda ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya. Wannan wurin ya daɗe yana damuna, domin yana zubawa yana kuka, ya yarda tarbiyya yake yi.

Abin lura shi ne Kambili ba ta bar addininta ba. A Nsukka, gidan gwaggonta Ifeoma, malamar jami'a, ta tarar da 'yan Katolika masu addu'a kullum, amma suna dariya, yara suna tambaya a ba su amsa. A can bakinta ya buɗe. Yayanta Jaja ne ya fito fili ya ƙi karɓar jibi, wato gurasa mai tsarki da ake rabawa a coci.

Sai dai ki sani akwai duka da zubewar ciki, kuma a ƙarshe uwar Kambili ce ta sa wa mijin guba. Idan 'yarki ba ta kai 14 ba, ku karanta tare.