Amsa kan yadda ƙungiyoyin NBA ke zarce iyakar albashi

Ɗan'uwa, ka tambaya ya aka yi ƙungiyar Golden State ke biyan 'yan wasanta jimillar albashin da ta zarce iyakar da NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta gindaya wa kowace ƙungiya, ko dai maguɗi ake yi. Babu maguɗi. Ni ma na daɗe ina kallon ƙwallon kwando da wannan tunanin, sai daga baya na gane shingen nan yana da ƙofofi da yawa.

An kafa iyakar a kakar 1984-85, dala miliyan 3.6 kacal. A kakar 2024-25 ta kai miliyan 140 da 'yan kai. Abin da take hana ka shi ne ɗauko ɗan wasan waje alhali ba ka da gurbin albashinsa. Naka na gida kuwa, wanda ya yi kaka uku a hannunka, kana iya sabunta masa kwantiragi ko da ka wuce iyaka. Shi ake kira haƙƙin Bird, daga sunan Larry Bird na Boston. Curry da Klay Thompson da Draymond Green duk Golden State ce ta ɗauke su tun suna sababbi, shi ya sa ta riƙe su tsawon shekaru.

Batun ɗauko Kevin Durant, babban ɗan wasan da ya zo musu daga waje, kuma sa'a ce. A 2016 kuɗin talabijin suka sa iyakar ta yi tsalle daga miliyan 70 zuwa 94, sai gurbi ya buɗe musu. Yanzu an toshe wannan, ba ta ƙaruwa fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekara.

Sama da iyakar akwai layin haraji, kusan miliyan 171 a 2024-25. Duk dalar da ta haura sai ka biya tara a kanta, tarar kuma tana hawa. Amma attajiri bai damu da tara ba, biya kawai yake yi. A ganina ainihin katangar sai da yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da ƙungiyar 'yan wasa ta zo: wani layi sama da na haraji, wajen miliyan 189 a 2024-25. In ka tsallake shi, ba ka haɗa albashin 'yan wasa biyu ka yi musanya da babba guda, ba ka saka tsabar kuɗi a ciniki, har zaɓinka na zagayen farko a ɗaukar sababbin 'yan wasa, na shekara ta bakwai nan gaba, za a daskarar, ba ka iya ciniki da shi. Dubi Boston: ta ɗauki kofi a 2024, bayan shekara ɗaya ta sallami Jrue Holiday da Porzingis. Wallahi abin ya ba ni haushi, amma lissafi ne ya tilasta su.

Yawan 'yan wasa ba shi da ruɗani: 15 masu cikakken kwantiragi, sai 3 da ke kai-komo tsakanin ƙungiyar da G League, ƙaramar gasar NBA. Rowa ma an hana, dole ka kashe kashi 90 cikin ɗari na iyakar.